Baba Kunne da Motar Auta

Baba Kunne ake ce masa, kuma ba don kunnuwansa sun fi na kowa girma ba, ko da yake, a faɗi gaskiya, ba ƙanana ba ne. Aikinsa ne ya jawo masa sunan. Mota za ta shigo layin, tun kafin ta tsaya a bakin rumfarsa zai ɗago kai daga benci ya ce, "Fulogi ne," ko kuwa, "Bel ɗinka ya saki." Direba ya fito yana rantsuwa wani ne ya tsegunta masa.

Tun yana saurayi yake kwana yana tashi cikin baƙin mai. Da sifana ya yi aure, da ita ya ciyar da 'ya'ya har suka kama gabansu. Yana da wata al'ada da bai taɓa saɓawa ba: duk bututun da ya kwance, duk ramin da ya buɗe a inji, sai ya toshe shi da tsumma don kada ƙasa ko ɗan noti ya faɗa. Matarsa ce take yayyanka masa tsummokaran, kuma ja kawai take zaɓa. "Kai da mantuwa," takan ce, "sai abin da zai tsone maka ido." Bayan rasuwarta jajayen suka ƙare a hankali, ya koma yagar duk abin da hannunsa ya kai.

Zamani kuma ya juya masa baya. Motocin yanzu sai su wuce rumfarsa su nufi babban garejin da ake jona musu na'ura. Idonsa ya fara gani dishi-dishi. Ya zama yakan wuni a benci suna hira da mai facin da ke gefensa, ba wanda ya ce masa ko noti ɗaure min.

Ana nan sai motar Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ta fara shan ruwa kamar raƙumi. Ma'aikaciyar jinya ce, da motar take zuwa asibiti ta kuma kwaso yara daga makaranta. Farin hayaƙi yana fita ta salansa, man injin ya koma kalar shayi da madara. Da ita da mijinta suka kawo motar, Baba Kunne ya saurara kaɗan ya ce, "Gaskit ɗin kan inji ya ƙone."

Mijinta ya sunkuyar da kai cikin ladabi. "Baba, da dai an kai ta babban gareji. Mai turbo ce, ba irin waɗanda aka saba ba."

"Ubana bakanike ne," Auta ta ce. "In kai motata wani wuri, mutane su ce me? Baba, ga makulli."

Daɗi ya kama shi har ya rasa inda zai sa hannunsa. Amma da suka tafi ya ɗaga bonet, sai daɗin ya gudu. Bai taɓa buɗe inji mai turbo ba, wato na'urar nan da ke cusa wa inji iska da ƙarfi. Wayoyi sun sarƙe ko'ina, tiyo a kan tiyo, ga turbon can a maƙale a gefe, a nannaɗe kamar dodon koɗi. Ya daɗe a tsaye yana kallo, kunnensa ba abin da zai iya yi masa a kan injin da yake a kashe.

"Baba Kunne, yau kuma addu'a kake yi mata?" mai faci ya tambaya.

"Kai dai ji da tayoyinka."

Ya shiga aikin a tsorace, kamar ɗan koyo. Abin da a da yake kwancewa yana hira, yanzu sai ya shafa shi da yatsa, ya kawo fuska kusa, ya sake shafawa. Notunan da ke jikin turbon sun sha wuta sun kafe, ya yi ta jiƙa su da mai yana lallashi, don ya san in ɗaya ya karye a ciki ya shiga uku. Ya ɗauke kan injin ya kai wa masu gogewa suka daidaita shi. Mai sayar da kayan mota ya ce irin wannan motar ba a mayar mata da tsofaffin kusoshi, bai yi gardama ba ya karɓi sababbi. Har aron sifanar awo ya yi, shi da ya yi rayuwarsa yana ɗaure noti da jin hannu. Bututun da ke kai iska cikin turbon kuwa, ya toshe shi da yankin wata tsohuwar baƙar riga, ya tura can ciki don kada iska ta ɗauke.

Ranar da ya gama, Auta ta zo daga wurin aiki da farin kayanta. Ta shiga ta murɗa makulli. Injin ya tashi lafiya lau, ba hayaƙi, ba rawa. Mai faci ya bar tayarsa ya zo yana tafi. Auta ta leƙo ta taga tana dariya. "Ban gaya musu ba?"

Baba Kunne ya ji ƙirjinsa ya buɗe. Ya ce, "Ɗan taka mata wuta, mu ji muryarta."

Ta taka. Turbon ya fara siririn fito, sannan aka ji wani ɗan fat, sai ƙarar ƙarfe yana cin ƙarfe. Su biyun ba su gane komai ba. Shi kuwa kafin ƙarar ta gama fita ya riga ya san mene ne, ya san inda yake, ya san kalarsa.

"Kashe! Kashe ta!"

Ta kashe, amma aikin gama ya gama. Ya kwance bututun. 'Yan fikafikan turbon sun lanƙwashe, wasu sun guntule, baƙin zare ya nannaɗe su. Ya zaro wani yanki ya riƙe a tafin hannu. Mai faci ya koma wurin tayarsa sum-sum.

Auta ta dubi tsumman, ta dubi mahaifinta. Ya so ta yi faɗa, ko ta yi kuka, ko ta ce wani abu da zai iya amsawa. Sai wayarta ta yi ƙara, mijinta ne. Ta zagaya bayan rumfa, ta yi nisa, ta rage murya sosai.

"A'a, ba laifin Baba ba ne," ta ce. "Aikinsa ya yi kyau. Turbon ne dama ya gaji, shi ma ya faɗa min tun farko. Ka turo janwe kawai. Kuma don Allah kada ka yi masa maganar."

Baba Kunne ya zauna a benci, tsumman yana hannunsa. Ido ya gaza, hannu ya fara gazawa, amma kunnen nan yana nan garau. Bai bar masa ko kalma ɗaya ta wuce ba.