Watan da Inna Ta Hana a Kira Ta Dilis

Abubuwa da yawa sun faru a gidanmu na Malumfashi waɗanda yanzu sai an tuna mini nake tunawa, amma watan da mahaifiyata ta hana kowa ya kira ta da sunan da ta tashi da shi, wannan kam ba na jin zan manta da shi har in koma ga Mahaliccina. Shekara tara ke nan, kuma har yau in na tuna, dariya da ƙwalla tare suke zo mini.

Inna tana da sunan yanka kamar kowa, sunan Musulunci mai kyau, amma in ka shigo unguwarmu ka ambace shi ba wanda zai gane wa kake nufi. Dilis kowa ya sani. Dilis mai ƙuli-ƙuli, Dilis matar Malam mai gonar auduga. Abin da muka sani game da sunan kuwa bai taka kara ya karya ba: wata Baturiya ce ta karɓi haihuwarta a asibiti, kakarmu ta ji daɗin yadda ta yi da ita, sai ta riƙa kiran jaririyar da sunanta. Kakarmu ta rasu ina 'yar shekara shida, kuma babu wanda ya taɓa zama ya tambaye ta sauran labarin.

Lokacin ina koyarwa a firamare, ban daɗe da aure ba, gidana yana bayan layin su Inna, don haka kullum da yamma ina can. Wata Asabar Inna ta dawo daga Islamiyyar matan aure, ta shigo ko hijabi ba ta cire ba ta zauna a kan turmi. Na yi mata sannu da zuwa, ta amsa a taƙaice. Baba yana gefe yana gyara ƙotar fartanya, ya ɗago ya ce, "Dilis, lafiya dai?"

"Malam, daga yau kada a sake kira na da wannan sunan," in ji ta.

Baba ya ajiye fartanyar. "Shekara talatin da 'yan kai bakina ya saba, yau da rana tsaka ki ce in sake?"

Da ƙyar muka samu ta faɗi abin da ya faru. Malamarsu ce ta yi darasi a kan suna, ta ce suna yana da nauyi, bai kamata Musulmi ya ɗauki sunan da bai san ma'anarsa ba. Ba da kowa take ba, yarinya ce mai ladabi. Amma wata daga sahun baya ta ce, "To, Dilis, ke fa?" Aji ya kwashe da dariya. Malamar ta tambayi Inna ma'anar sunan, Inna ta ce ba ta sani ba, aka ƙara wata dariyar.

Da farko na ɗauka fushi ne na kwana biyu. Ashe da gaske take. Masu zuwa sayen ƙuli-ƙuli su yi sallama su kira Dilis, ta yi kamar ba ta ji ba. Baba, wanda bai taɓa furta sunanta na yanka ba, ya rasa yadda zai yi, ya koma cewa "ke" ko "masu gida". Wani lokacin bakinsa ya kufce ya fara "Di..." sai ya ƙarasa da tari. Mu muna ɓoye dariya, amma gidan ya yi wani irin sanyi. Inna mai hira da waƙa a bakin murhu ta koma shiru, abinci ma tsakura kawai take yi.

Wata rana ina taya ta murza tunkuza, mu biyu kaɗai, ta ce, "Kin san abin da ke damuna? In sunan wani abin bautarsu ne fa? Shekara hamsin ina amsawa." Ta ci gaba da mulmula ƙulin a tafin hannunta. "Kuma in na bar shi, kamar na bar uwata ne. Duk wanda ya kira ni da shi, muryarta nake ji a ƙarƙashin tasa."

A ranar na ɗauki waya na rubuta sunan yadda muke faɗinsa, na bincika. Abin da ya fito mini hotunan wasu ƙananan busassun kifi ne na wata ƙasa mai nisa. Na yi sauri na kife wayar. Da Inna ta ga wannan, ina jin ko ni ba za ta sake yi wa magana ba.

Mafita ta zo daga inda ban zata ba. Akwai wata abokiyar aikina, Bayarabiya ce amma haifaffiyar Malumfashi, Hausarta ta fi tawa karin magana. Ina ba ta labari a ofishin malamai sai ta ce ai yayar babanta ta yi aiki a ɗakin haihuwa zamanin da akwai Turawa a asibitin garinmu, yanzu tana Funtua wajen ɗanta. Asabar ta zagayo muka shiga mota tun da hantsi. Damina ce, masara ta yi tsayi a gefen hanya hagu da dama, ni kuwa ban san abin da zan jiyo ba, kuma na riga na yanke cewa in mummuna ne ba zan ɓoye wa Inna ba.

Mun sami tsohuwar a ƙofar shagon robobi na surukarta, tana zaune a kujera da tabarau mai kauri. Iya kowa ke ce mata. Bayan gaisuwa na ce, "Iya, na zo tambaya ne a kan wata Baturiya nas, wai ita Dilis."

Ta cire tabarau ta dube ni. "Wa ya gaya miki wannan sunan?"

"Sunan mahaifiyata ne."

Iya ta ce, "Kakarki doguwa ce, baƙa, daga wani ƙauye ta wajen Musawa? A amalanke aka kawo ta?" Na ce ƙauyen dai haka ne, amalanken ban sani ba. Ta dafa gwiwa ta miƙe, ta ce mu shiga ciki.

Daga ƙarƙashin gado ta sa aka jawo mata wani tsohon gwangwanin biskit. A ciki akwai wasiƙu masu shuɗiyar takarda, sun yi laushi saboda daɗewa, da hoto guda: wata siririyar Baturiya da farar hula, kusa da ita wata budurwa baƙa tana murmushi. "Ni ce wannan," in ji Iya. Ta nuna mini ƙasan wata wasiƙa inda aka sa hannu. Dilys, da harafin y. Shi ya sa bincikena ya kai ni wajen kifi.

Iya ta ce abu na farko da ake koya wa sabon ma'aikaci shi ne kada ya ce wa Sista, wato Baturiyar, 'yar Ingila. Ranta ɓaci yake. Ita 'yar Wales ce, wani yanki mai duwatsu da tumaki da ruwan sama a yammacin Ingila, kuma suna da harshensu daban da Turanci. In tana wanke hannu da shi take waƙa, ba mai gane ko kalma ɗaya. Iya ta ce, "Mu Yarabawa ba mu san suna marar ma'ana ba, don haka na tambaye ta nata. Ta ce a harshensu yana nufin abu na gaske, wanda ba jabu ba, mai tsayawa a kan gaskiya ba ya kaucewa."

Har na fara godiya zan tashi, Iya ta riƙe mini hannu ta ce ban ji komai ba tukuna.

Ranar da aka kawo kakarmu, in ji ta, ranar ce Sista za ta tafi gida. An aiko mata cewa mahaifiyarta tana kwance rai a hannun Allah. Ta haɗa akwatinta, motar da za ta kai ta Kano ta hau jirgi tana tsaye a ƙofar asibiti. Sai ga amalanke da mace ta kwana biyu tana naƙuda, jaririya ta juyo da ƙafa, likita kuma ya yi tafiya. Sista ta duba ta, ta sa Iya ta fassara mata: "Ba zan yi miki ƙarya ba, abin da wuya. Amma ba zan bar nan ba sai kin sauka." Direba ya yi ta danna ƙaho. Sau biyu Iya tana fita ta ce ya ƙara haƙuri, a na uku Sista ta ce a sauke akwatin. Tun kafin azahar suke fama, sai bayan la'asar jaririya ta faɗo, ba ta motsi. Sista ta yi ta hura mata iska a baki har ta tsanyara kuka.

"Lokacin jirgi ba kullum yake tashi ba," in ji Iya. "Da ta isa gida ta tarar an riga an binne uwarta."

Kakarmu ba ta san da zancen mota ba, Sista ta hana a gaya mata. Abin da ta yi kawai, washegari ta kira Iya ta ce, "Yaya sunan baiwar Allahn nan?" Ta yi ta maimaitawa har bakinta ya kama. Iya ta rubuta wa Sista cewa ta yi takwara a ƙasar Hausa. Sista ba ta dawo ba, ta zauna kula da mahaifinta, amma sun yi shekaru suna musayar wasiƙa kafin wasiƙun su tsaya. Iya ta buɗe guda uku ta nuna mini ƙarshensu. Kowacce da magana ɗaya take rufewa: ki gaishe mini da takwarata in kin gan ta.

"Ban san inda kuka koma ba," in ji Iya. "Saƙon nan yana wuyana tun ina budurwa."

A mota kan hanyar dawowa na sake bincike da rubutun daidai. Ma'anar ta fito kamar yadda Iya ta faɗa, ba gunki ba abin bauta. Na kuma ga matan can da suka yi fice da sunan: wata marubuciyar waƙa wadda ita ce mace ta farko da ta ci kambin babbar gasar waƙoƙin ƙasarsu, wata mai tsara kiɗa, wata 'yar jarida da ta shafe shekaru tana sharhin fina-finai, da wata tsohuwa da ke dirowa daga jirgin sama da laima bayan ta haura tamanin.

Na tarar da su a tsakar gida, Baba yana alwalar la'asar, Inna tana tsince wake. Na zauna na ba su labarin tun daga farko. Da na faɗi ma'anar, Inna ta ce, "Alhamdulillahi," a hankali. Da na zo kan akwatin da aka sauke daga mota, hannunta ya tsaya a cikin faifan. Da na faɗi abin da Sista ta tarar a gida, ta ja gefen zanenta ta rufe fuska. Baba ya tsaya da buta a hannu, bai ƙarasa wanke ƙafa ba.

"Saboda ni ba ta ga uwarta ba," in ji Inna. "Ni kuma saboda dariyar mata zan jefar da sunanta."

Don in sassauta zaman na shiga lissafa mata takwarorinta na can. Da na zo kan mai dirowa daga jirgi, ta buɗe fuska, ido jawur, ta ce, "Tsohuwa? Da jikokinta?" Baba ya ce, "To ke dai kada in dawo daga gona in tarar da ke a kan rumbu da lema." Dariyar da Inna ta yi ranar, rabona da jin irinta wata guda. Baba ya gyara murya, kamar mai taka ƙasa mai santsi, ya ce, "Dilis, a ƙaro mini ruwa." Ta ce, "To, Malam," ta miƙe.

A Islamiyya ita da kanta ta ɗaga hannu ta ba da labarin. Malamar ta ce suna mai wannan ma'ana babu laifi a cikinsa, ta kuma nemi afuwarta a gaban kowa. Wadda ta fara tsokanar ta biyo ta har gida da goro.

Mako biyu bayan haka na raka Inna Funtua da kwanon ƙuli-ƙuli da galan ɗin man gyaɗa. Iya ta riƙe fuskar Inna da hannu biyu tana dubawa, ta ce, "Rabona da ke kina tsumma." Sannan ta gyara zama ta ce, "Takwararki ta ce in gaishe ki." Inna ta ce, "Ina amsawa." Da za mu tafi Iya ta ba Inna hoton da wasiƙa ɗaya. Ba a yi shekara ba Iya ta rasu, kuma Inna ta je har cocin Funtua ta tsaya a waje ta yi wa 'ya'yanta ta'aziyya. Ita Sista ba mu taɓa sanin ƙarshenta ba.

Abin da na koya shi ne, kada mutum ya yi saurin yar da abin da iyaye suka bar masa don kawai an yi masa dariya, sai ya fara tambayar daga ina ya fito. Kuma tambayar a yi ta da wuri, tun tsofaffin da suka sani suna da rai. Da na yi jinkirin shekara ɗaya, da gaisuwar nan an binne ta tare da Iya, da kuma Inna ta ƙare rayuwarta tana jin kunyar alheri mafi girma da aka taɓa yi mata.