Baba Ebenezer da Mota Mai Rufin Yadi

Tun da Baba Ebenezer ya bar aikin soja yake wankin mota a gindin wani mangwaro a Rikoto. Kayan aikinsa bokiti biyu ne da soso da tsumma mai laushi, kuma yawanci babura da ƙananan bas ake kawo masa.

Wata Asabar sai ga Glory, 'yar maƙwabcinsa mai aiki a Abuja, da wata jar mota mai rufin yadi wanda ake naɗewa.

Ta ce, "Baba, na kai ta injin wanki a can, burushin ya karce fenti, ruwa kuma ya bi gefen rufin ya jiƙa kujeru."

Ya shafa rufin ya ce, "'Yata, wannan ba ta son ƙarfi, sai da lallami."

Awa biyu ya yi a kanta yana 'yar waƙarsa ta coci, ko ɗigo bai shiga ciki ba. Da ya gama, Glory ta naɗe rufin ta ce ya shigo. Suka bi ta kasuwa yana riƙe da hularsa saboda iska. Matarsa Dinah ta hango shi daga rumfarta ta tumatir, ta yi ta dariya har da tafi.