Sarakuna Ukun Abu Nadim

Da hantsin Talata, 14 ga Janairu, aka kaɗa ƙararrawar majami'ar unguwarmu a Zahle ta ƙasar Lebanon, a hankali, irin kaɗawar da ba a yi wa biki. Kafin in gama tambaya, Mikhayil, abokin kartarmu, ya bugo waya yana kuka: Tanios Shalhub, wanda duk muke kira Abu Nadim, ya rasu.

Abu Nadim, garin nan ya san ka da shagon magani, da tsofaffin da kake kai wa allura har gida cikin sanyi. Mu biyar kuwa mun san ka da teburin kartar foka na Lahadi, bayan cin abincin rana, a bene saman shagon kofi. Kai ka koya mana wasan, kuma kai kake korar duk wanda ya zauna da ɓacin rai. Ni kaina ka taɓa karɓe kartata ka ce, "Tafi ka shirya da matarka, nan ba wurin huce haushi ba ne."

Babu abin da ka tsana kamar mutum ya sami hannu mai ƙarfi ya yi lamo yana jiran a faɗa masa tarko. Kullum kana zolayar Fu'ad, ɗaya daga cikinmu: "Malam maharbi, ka yi ta laɓewa har naman ya juyo ya cinye ka." A ganinka mai ƙarfi ya ƙara kuɗi, ya sa mai jiran sa'a ya biya da tsada. Kuma ba ka ɗaga wa kowa ƙafa a kan doka ɗaya: in ba ka furta "na ƙara" ba, abin da ka tura a karon farko shi ne naka, ba a komawa a ɗebo.

Shanyewar jiki ta bara ta riƙe maka harshe, ta bar hannunka yana rawa. 'Yarka Salwa ta ce zancen karta ya ƙare. Ka nace sai ka gwada, ka nuna mata cewa in kan naka lafiya yake za ka riƙe kujerarka.

Ran nan kana da sarakuna biyu a hannu, na uku ya fito a tebur, saura karta ɗaya a buɗe. Mikhayil ya zuba kaɗan, yana jiran karta ɗaya ta cika masa biyar masu launi ɗaya, hannun da ke doke sarakuna uku. Ka daɗe kana kallonsa. Ka buɗe baki, kalmar ta ƙi fitowa. Ka ɗebi kwandalolin roba da muke zubawa a madadin kuɗi za ka tura, hannu ya kakkaɓe, 'yan kaɗan suka faɗa gaba, daidai abin da Mikhayil ya zuba. Sai ka koma ka turo sauran.

"Ya ƙara," in ji Mikhayil da sauri. "Kowa ya gani, wallahi ya ƙara. Na ajiye kartata, na fita."

Ka girgiza kai, ka janye sauran da kanka. Aka buɗe ta ƙarshe, ta cika wa Mikhayil. Ya so ya kife kartarsa ya bar maka, ka kama wuyan hannunsa har sai da ya nuna. Da kyar ka haɗa magana: "Kada... ku yi min... wasan yara."

Ban taɓa jin haushin doka kamar ranar ba. Shawararka daidai take, jikinka ne ya ƙi isar da ita. Ka sha kofinka har ƙasa, ka yi musabaha da kowa, Salwa ta sauko da kai. Mun yi ta aike, ba ka sake hawa benen ba.

Allah ya jiƙanka, Abu Nadim, ya yafe maka kurakuranka, ya sa ka huta. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka Umm Nadim, da ɗanka Nadim, da Salwa, da jikoki, Allah ya ba ku haƙuri. Ku sa Mikhayil ma a addu'a, don tun ranar da ya ci hannun nan bai sake taɓa karta ba.