Muryar da Ba Tata Ba

Da na buɗe ofis a saman wani bene a Gyadi-Gyadi, mahaifina ya laƙaba mini suna lauyar waya. Abokan karatuna suna can suna shari'ar fili da gado, ni kuwa na kafe sai kare sirrin mutane, da bin diddigin ɓarnar da ake yi musu da ƙirƙirarriyar basira. Yakan ce, "To in kin yi nasara, wayar za a kai gidan yari?" Nakan yi dariya, don a lokacin ban san nauyin abin da na ɗauko ba.

Wata safiya wata ma'aikaciyar jinya daga Darmanawa ta hawo benen tare da kawunta, wani dattijo mai shagon yadi. Ta saba tura wa matan layinsu saƙon murya a guruf, kan awon ciki da rigakafi da yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari. Wani marar tsoron Allah ya tattara saƙonnin, ya ba na'ura, ta haɗo muryarta tana cewa wai maƙwabciyarta na ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, ita ta ga sakamakon da idonta. Asibitin kuɗin da take aiki ya dakatar da ita. In aka yarda ita ce ta faɗa, aikin jinya ya ƙare mata, kuma ba macen da za ta sake amince mata.

Na saurari saƙon sau biyu. Har ɗan gyaran muryar da take yi kafin ta ce "kun gane ko" yana ciki.

Kawun ya gyara zama ya ce, "Barista, ai mu tuni muka ɗauki mataki." Ashe ya tura saƙon zuwa guruf ɗin dangi, da na masallaci, da na 'yan kasuwa, ya bi shi da tasa muryar: wannan ƙarya ce, don girman Allah duk wanda ya samu ya tura wa na gaba. Kamar dai yadda ake yi da cigiyar yaro ko sanarwar jana'iza. Mutane kuwa suka cika masa alkawari. Suka yi ta tura na farkon, suka bar nasa a baya.

Raina ya ɓaci, na kasa ɓoyewa. Na ce, "Alhaji, kafin ka tura, su wa suka ji?"

"Matan layinsu."

"Yanzu fa?"

Ya cire hula ya mayar. Tausayinsa ya kama ni, amma haushin bai sauka ba. Da wanda ya ƙirƙiri abin ne a gabana, da na san inda zan sauke shi.

Na shafe watanni a kan maganar. Na rubuta wa kamfanin manhajar da saƙon ya yaɗu a cikinta, na'ura ce ta amsa mini, tana godiya da na tuntuɓe su. Wanda ya aikata kuwa har yau ba mu gano shi ba. Maƙwabciyar da aka yi wa ƙazafi ta kwashe 'ya'yanta ta koma Unguwar Gano, ko sallama ba ta yi wa kowa ba. Daga ƙarshe wani masani ya binciki saƙon, ya tabbatar haɗa shi aka yi. Asibiti ya karɓi bayaninsa, aka ce ma'aikaciyar jinyar ta koma bakin aiki.

Ita ta roƙe ni in je gidansu in yi wa mahaifiyarta bayani da bakina. Na tarar da tsohuwar a tsakar gida tana tsince shinkafa. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Inna, an wanke ta. Ba ita ce ta yi maganar ba, na'ura ce."

Ta yi ta sa mini albarka, har na fara jin sanyi a raina. Sai ta ajiye farantin ta ce, "'Yar nan, Allah ya saka miki. Amma ni na haife ta. Tun tana tsumma nake gane kukanta a cikin na yara goma. Na ce mata na yafe, ta je ta nemi gafarar baiwar Allah nan, shi ke nan."

'Yar tata tana tsaye a bakin kicin da kofin ruwan da ta ɗebo mini. Ta ce, "Inna, wallahi ba ni ba ce."

Tsohuwar ta ɗauki farantinta, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Haka kika ce wallahi a cikin saƙon ma."