Fitilar Dakta Saura Kaɗan

A tsangayar kimiyya ta jami'a ba wanda ya san shi da wani suna sai Dakta Saura Kaɗan. Ɗalibai ne suka laƙaba masa, malamai suka ɗauka, har shugaban tsangaya ya taɓa kiransa da shi a tsakiyar taro bai ma lura ba. Dalilin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Ka tambaye shi ya aiki, saura kaɗan. Ka tambaye shi yaushe zai tashi ya tafi gida, saura kaɗan. Ranar da matarsa take naƙudar fari aka buga masa waya, amsar da ya bayar ke nan, kuma har yau in ta so kashe masa baki a gardama, wannan maganar take jawowa.

A gida kuwa Auta ne. Furfura ta cinye masa rabin kai, tumbi ya fara turo farar rigar aiki, amma a bakin Inna, mahaifiyarsa, bai wuce yaron nan da ya kwance mata tocila don ya ga inda hasken yake kwana ba. Tocilar ba ta sake kamawa ba, shi ma ya sha dukan da ya dace da shi. Inna tela ce. Da keken ɗinki ta riƙe shi da yayyensa bayan rasuwar babansu, kuma duk cikinsu shi kaɗai ne ya zaɓi sana'ar da aka kasa yi mata bayani. Yayarsa malamar asibiti ce, yayansa direba, kowa ya san abin da suke yi. Shi kuwa da ta tsare shi da tambaya, sai ya ce, “Inna, fitila nake yi.” Ya faɗa ne don ya huta, bai san ya ɗaura wa kansa igiya ba.

Gaskiyar aikin ta fi haka tsawo. Ɗakin gwaje-gwajensa a tsangaya yana ƙasa, ɗaki mai wari iri-iri, da kwalabe a jere, da wani akwatin gilashi mai zuƙe hayaƙi wanda ƙararsa ta sa duk mutanen ɗakin suka koyi magana da ƙarfi. A nan yake ɗaukar ƙwayar ƙarfe, yawanci filatinam, ya kewaye ta da wasu sinadarai su riƙe ta ta kowane gefe kamar amarya a tsakiyar ƙawaye. Sai ya dafa, ya tace, ya busar. Bayan makonni sai ka ga ya fito da ɗan gari wanda bai cika bakin cokalin shayi ba, yana tafe da shi a hankali kamar ya ɗauko jinjiri.

Garin nan sama ake kai shi, wurin Injiniya da mutanenta. Injiniya mace ce marar son wasa, ita ke da ɗakin da ake haɗa na'urorin haske. Mutanenta suna shiga fararen kaya tun daga kai har ƙafa don kada ƙura ta bi su, shi ya sa na ƙasa ke kiransu 'yan sama jannati, su kuma suna kiran na ƙasa masu girki. Su ne ke shimfiɗa garin Dakta, shimfiɗar da ta fi ɓawon albasa sirantaka, a tsakanin wasu siraran faya-fayen da wutar lantarki ke ratsawa, waɗanda ake kira semikondakta, a kan gilashi kamar girman farce. Sai a ba shi wuta. In an dace ya ba da haske. Shekara da shekaru ba a dace ba. Wani ya kama ya mutu kafin a kifta ido, wani ya ƙone ya yi baƙi, wani ko gaisuwa bai amsa ba. Injiniya ta ce laifin girki ne, Dakta ya ce laifin shimfiɗa ne, kowa ya koma ɗakinsa yana jin ya yi nasara.

Inna dai tambayarta ɗaya ce. “Auta, wai har yanzu fitilar ba ta kama ba?”

“Saura kaɗan, Inna.”

“Allah ya sa in gani da idona.”

Da can maganar baki ce kawai, irin ta tsofaffi. Sai idon ya fara. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ya ce abin da ya tafi ya tafi, wanda ya rage kuma za a lallaɓa shi da magani iyakar yadda ya yarda. Dakta ya ɗauko ta ya dawo da ita gidansa. Inna ba ta yarda wai ba ta gani ba. In ta bi bango da hannu, ƙura take dubawa. In ta zuba ruwa a gefen kofi, kofin ne ya cika ƙanƙanta. Amma wata safiya, yana ɗiga mata magani, ta riƙe masa hannu ta ce, “Auta, abin nan yana rufowa daga gefe, kullum ƙofar tana ƙara matsewa. Ina so in ga abin da ya hana ka zaman gida tun kana saurayi. In ba zai yiwu ba ka gaya mini in cire rai.”

Ranar bai ce saura kaɗan ba. Tsoro ne ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba ko a gaban kwamitin ƙarin girma, wanda ya sha tsallake sunansa. Ya shiga aiki ba ji ba gani. Ya daina gardama da Injiniya, abin da ya sa ta aiko a tambaya ko lafiyarsa ƙalau.

To a nan ne ya kamata a faɗi wani abu, don kada a ɗauka Dakta wawa ne. Tun shekarun baya Injiniya ta roƙe shi ya riƙa tura launin garinsa gaba da ja, domin irin wannan hasken ake nema a na'urorin da ke auna jini ta cikin fata. Hasken da ya wuce ja kuwa idon ɗan Adam ba ya ganinsa. Dakta ya fi kowa sanin haka, shi ke koyar da shi ga 'yan ajin farko, har ya kayar da waɗanda suka manta a jarrabawa. Amma a sama akwai yadda ake aiki. Ba wanda ke kallon na'urar. Ana sa ta a cikin baƙin akwati a rufe, kowa ya juya mata baya, a zuba wa allon kwamfuta ido. In akwai haske sai wani layi ya tashi ya yi tudu. Shekara da shekaru tudun nan ne hasken Dakta. Shi yake mafarki, shi yake zanawa a bayan ambulan in taro ya yi tsawo.

Saboda haka ranar da sabon garinsa ya kama, ya ƙi mutuwa, ya dawo gida yana rawar jiki, matarsa ta tambaye shi, “To wane launi ne?” Sai ya amsa mata da lamba, irin wadda suke auna launin haske da ita. Ta dube shi ta ce, “Sannu da ƙoƙari,” ta ci gaba da guga. Da ta matsa da tambayar da an huta, amma wadda ta yi shekaru da Dakta ta san in ka ja zaren bayani sai abinci ya huce.

Aka sa ranar kai Inna. Tun da hantsi ta yi wanka, ta sa kayan da take ajiye wa manyan fita, ta sa jikarta ta zizara mata kwalli. A ƙofar ɗakin awo aka miƙo mata wasu ledoji shuɗɗa a ce ta sa a kan takalmi.

“Takalmin ma sai an sa masa takalmi?” in ji ta.

“Saboda ƙura ne, Mama,” in ji Injiniya, wadda yau har da murmushi.

“Ke ce mai ɓata masa girki?”

“Shi ne dai mai kawo mini ɗanye.”

“Haka yake tun yana ƙarami,” in ji Inna, ta ɗaga ƙafa aka sa mata.

Dakta da kansa ya jawo kujera ya ajiye ta daf da baƙin akwatin. Ya buɗe murfin, abin da ba a saba yi ba, ya kama yatsanta ya nuna mata daidai inda ɗan gilashin yake. “Nan za ki kalla, Inna. Kada ki ɗauke ido.” Injiniya ta ɗan dube shi, ta buɗe baki ta rufe. A zatonta ya riga ya yi wa tsohuwar bayani a gida, don wane irin mutum ne zai manta da abu kamar wannan? Aka kashe fitilun ɗaki. Ɗalibai suka taru a bayan kwamfuta, Dakta ma ƙafarsa ta kai shi can ba tare da ta nemi izininsa ba.

Injiniya ta murɗa wuta. Layin ya motsa, ya tashi, ya yi tudu mai kyau, ya tsaya cak bai girgiza ba. Ɗalibai suka yi ɗan tafi. “Ya riƙe,” in ji Injiniya. “Mai girki, wannan karon ya nuna.” Dakta ya ji ƙirjinsa ya cika, har sai da ya cire tabarau ya goge. Sannan ya tuna da wadda aka yi taron dominta, ya juya.

“Inna, kin gani?”

Ta sunkuya har goshinta ya kusa taɓa akwatin.

“Na gani,” in ji ta. “Masha Allah. Ga shi nan fes. Allah ya yi maka albarka, Auta.”

A nan ne abin ya faɗo masa. Ya dubi cikin akwatin, baƙi ƙirin, kamar yadda ya kamata ya kasance. Ɗalibai suka sami abin kallo a ƙasa, Injiniya ta shiga gyara wata waya da ba abin da ya same ta. Ba mai ƙaryata tsohuwa a gaban jama'a, balle ɗanta. Aka kunna fitilu, Inna ta sa wa kowa albarka ɗaya bayan ɗaya, ta yaba tsaftar wurin, ta fito da ledojinta a ƙafa.

A baranda akwai wani benci kusa da taga. Nan ta ce ya tsaya. Ta zauna, ta ɗora jakarta a cinya.

“Yaran nan suna jin mu?”

“A'a, Inna.”

“Ban ga komai ba, Auta.” Muryarta ta yi ƙasa. “Na zuba ido har ya kawo ruwa. Ina jin suna tafi, ni duhu kawai. Da safe fa na ga fuskar yarinyar nan da take sa mini kwalli. Ya tafi ke nan, ko? Kada ka ɓoye mini, kai ka yi karatu.”

Kunya da tausayi suka haɗu suka kama shi. Ya durƙusa a gabanta da farar rigarsa, masu wucewa suna kallo.

“Inna, ba idonki ba ne. Ba wanda ya gani. Ni ma ban gani ba.”

“Kada ka lallashe ni.”

“Wallahi, Inna. Irin wannan hasken ido ba ya kama shi, na yaro ko na babba. Na'ura ce take ganinsa ta zana mana a allo. Allon muke wa tafi. Ni ne na manta ban gaya miki ba.”

Ta juya ta dubi taga, ta dubi hannunta, ta dawo ta ƙare masa kallo tun daga kai.

“Biro ya zubar maka da tawada a aljihu,” in ji ta.

Ya duba. Haka ne kuwa.

Ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ta share ido da gefen mayafi, kwallin ya ɓata mata kunci. Sai kuma kafaɗunta suka fara girgiza. Dariya take yi, marar sauti, irin wadda ke fitowa bayan an tsorata.

“Tun kana da baƙin gashi kake abu ɗaya,” in ji ta, “ashe fitilar da ba a gani kake yi. Kuma ka bar ni na zabga ƙarya a gaban 'ya'yan mutane, da girmana.”

“Ki yafe mini, Inna.”

“Ita wannan baiwar Allah ta san ƙarya nake?”

“Ta sani.”

“Mai kirki ce. Ka daina yi mata musu.” Ta miƙo ƙafa ya cire mata ledojin. “Amma tana da amfani dai, fitilar?”

Ya fara bayanin jini da fata, ta ɗaga masa hannu. “Ya isa. In tana da amfani shi ke nan. Yayyenka za su bugo waya yau, zan ce musu na gani. Tunda ba mai iya gani, wa zai ƙaryata ni?”

Ya yi dariya shi ma. Ya taimaka mata ta miƙe. Sun kai bakin matakala ta tsaya, ta laluba ƙarfen riƙewa.

“Auta, kada ka bari su jefar da ɗan gilashin nan.”

“Ba za a jefar ba.”

“In nawa ya gama rufewa, ka sake kawo ni a kunna mini. Duk duniya fitilar nan kaɗai ce abin da ba wanda zai fi ni gani.”

Ya kama gwiwar hannunta, suka fara sauka a hankali, yana gaya mata inda kowace matakala take.