Layin Da Farfesa Ba Ta Sa Wa Hannu Ba

Da hantsin ranar Litinin, goma sha bakwai ga watan Fabrairu, Allah Ya karɓi ran Farfesa, Mataimakiyar Shugaban Jami'a mai kula da harkokin ɗalibai, tana da shekara sittin da uku. Ciwon zuciya ne ya same ta a ofis. Aka garzaya da ita asibiti, ba a yi awa biyu ba rai ya yi halinsa. An yi mata sutura bayan la'asar. Mu duka na Allah ne, kuma hanyar da ta bi ita za mu bi mu koma gare Shi.

Farfesa, ni ne Edita. Shekara goma sha tara ina gyara miki rubutu a maɗaba'ar jami'a, kina dawo mini da shi da naki gyaran a kan nawa. Na san ƙa'idar irin wannan rubutu: a yabi mamaci, a yi masa addu'a, a rufe. Zan yi duka. Sai dai ke kika hana ni rubuta abin da ba shi ne a raina ba, kuma abin da ke raina tun ranar Litinin haushi ne. Ina jin haushin jami'a. Ina kuma jin haushinki, Allah Ya yafe mini.

Bari in fara da abin da kika kashe shekarunki a kansa, domin waɗanda suka yi jawabi a taron tunawa da ke sun kewaye shi kamar ramin da ke tsakiyar titi. Ɗalibai suna kiransa “maraba”. A makon farko na zangon karatu, tsofaffin ɗalibai kan tara sababbi a filin ɗakunan kwana da tsakar rana, a sa su tsallen kwaɗo, a sa su rarrafe a kan tsakuwa, a ba su wankin kayan manya. Maza a aske musu rabin kai. Mata a tsayar da su ɗaya bayan ɗaya, a yi ta ba tafiyarsu da surarsu maki ana shewa. Kowa a jami'a ya san ana yi. Daga tagar ofishin Magatakarda ma ana hango filin.

Ke kaɗai kika ɗauki abin a matsayin tambayar da ta cancanci bincike. Shekara shida kina zama da ɗalibai ɗaya-ɗaya a ƙaramin ɗakin da ke bayan laburare, da flas ɗin shayi da rakoda, har kika saurari mutum ɗari huɗu da goma sha biyu. Abin da kika gano bai yi wa kowa daɗi ba. Maza kan yi faɗa, ko su daure su jira shekara ta zagayo su rama a kan na bayansu. Mata ba sa kai ƙara. Hutun farko suke jira, su tafi gida, shi ke nan. Fom ɗin jami'a kuma ya rubuta musu “dalilin iyali”. Kin bi talatin da ɗaya daga cikinsu har gidajensu. Wata kika same ta tana sayar da katin waya a bakin tasha, alhali ita ta zo ta ɗaya a jarrabawar shiga sashen lissafi. Kin dawo da ita, kin yi rigimar da aka mayar mata da gurbinta, yau ita ke koyar da 'yan aji ɗaya a wannan sashen.

Ba ki iya hayaniya ba, balle ki ce za ki ɗaga murya a taro. Makaminki takarda ne. Lokacin da kika zama mace ta farko a Majalisar Jami'a, babu bayin mata a benen da ake zama. Ba ki roƙi kowa ba. Duk sanda buƙata ta kama, sai ki ɗaga hannu ki ce a dakata, domin ƙa'ida ta hana yanke hukunci alhali mamba ya fita da uzuri. Ki sauka hawa uku, ki tsallaka zuwa laburare, ki dawo, sannan ki ce wa mai rubuta bayanan taro, “Malam, rubuta: an tsaya minti goma sha huɗu ana jiran mamba ta dawo daga bayin wani gini.” Zama biyar aka yi a haka. Kafin na shida an fasa bangon ɗakin ajiya an sa famfo. A taron tunawa da ke an ba da wannan labari, aka yi dariya, har da waɗanda suka yi shekara ashirin suna hawa benen ba su taɓa lura ba.

Bara, bayan wani ɗalibi mai cutar sikila ya yanke jiki ya faɗi ana tsallen kwaɗo, ya yi mako uku a asibiti, aka kafa kwamiti na mutum bakwai aka ba ki shugabanci. Mataimakinki a kwamitin shi ne Shugaban Tsangayar Kimiyya, wanda kike kira Yallaɓai Al'ada a gaban idonsa, saboda duk abin da aka kawo amsarsa ɗaya ce. Ina ɗakin ranar da ya ce miki, “Hajiya Farfesa, mu ma fa an yi mana. Rabin kaina aka aske, ga ni nan ban mutu ba.” Kika kalle shi ta saman tabarau kika ce, “Yallaɓai, kai ka rayu, shi ya sa kake zaune a nan kana ba mu labari. Waɗanda ba su jure ba ba a gayyace su kwamiti ba.” Wata takwas kuna wannan. Ya ce a cire kalmar “cin zali”, kika ce ya kawo wadda ta fi ta gaskiya. Bai samo ba. Ni na tsara rahoton a shafi casa'in da huɗu, da shawarwari goma sha ɗaya: a haramta maraba a rubuce, a sa malamai masu kula a filin duk makon farko, a buɗe ofishin ƙara da mace ke riƙe da shi, a daina rufe tafiyar ɗaliba da “dalilin iyali” ba tare da an tambaye ta ba.

Yanzu na zo kan haushinki. Kina da ɗabi'a ɗaya da kowa ya sani: ba kya sa hannu a takardar kwamiti sai kowa ya sa. Na taɓa tambayarki dalili. Kika ce kina ƙaramar malama aka zagaya da wata takarda ta hana wata mata ƙarin girma, wai haihuwa biyu sun rage mata yawan wallafa. Shugaban kwamitin ya sa hannu a sama, sauran suka bi. “Ni ma na bi, Edita. Ban karanta ba. Hannun babba na gani na ɗora nawa.” Tun daga ranar kika rantse ba wanda zai ƙara fakewa da hannunki. Duk mai sa hannu ya karanta, ya ɗauki nauyin abinsa, ke ki zo a ƙarshe.

Mutum biyar suka sa hannu a mako guda. Yallaɓai Al'ada ya riƙe rahoton wata biyu cur. Na ce miki, “Farfesa, ki sa naki mana, nasa ya zo daga baya. Ƙa'ida hannun shugaba take nema.” Kika ce, “Kai dai gaggawa ce da kai kamar mai jiran mota. In na sa, gobe zai ce ƙarfi aka nuna masa.” Ranar Juma'a da yamma ya aiko da shi, da sa hannunsa ƙarami a can gefe kamar mai jin kunya. Kika kira ni kina dariya, kika ce sai Litinin, za ki sake bin shafukan tukuna, kada ya zamana ke ma kin sa hannu ba ki karanta ba. Rahoton da kika rubuta da kanki! Ranar Litinin aka same shi a buɗe a kan teburinki, a shafi na tamanin da ɗaya, biro a tsakiya, kin gyara waƙafi guda. Shafi goma sha uku suka rage. Farfesa, me zai ci ki da kin tsallake su sau ɗaya a rayuwarki?

Kwana biyu da rasuwarki na ɗauki rahoton na kai ofishin Magatakarda. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi miki addu'a mai tsawo, ya buɗe shafin ƙarshe, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, “Edita, ka san ƙa'ida. Rahoton da babu hannun shugaba daftari ne. Majalisa ba ta duba daftari. Sai an kafa sabon kwamiti.” Na tambaye shi yaushe. Ya ce bayan an naɗa wanda zai gaje ki. Na ce sababbin ɗalibai saura mako uku su iso. Ya ce ya sani, abin ma yana damunsa. Ya jawo aljihun tebur ya sa rahoton a hankali, kamar mai kwantar da jariri.

Amma kada ki ce jami'a ba ta da sauri. A cikin kwana huɗu aka zauna, aka amince, aka auna allo: za a sa wa ɗakin kwanan mata sunanki. Wato ginin da ke kallon filin. Sababbin ɗalibai za su yi rarrafe a kan tsakuwa a ƙarƙashin sunanki da manyan haruffa, da fenti sabo. An ware mutum uku su zaɓi launin allon. Wannan kwamitin bai jira a naɗa kowa ba.

Ranar da tawagar jami'a ta je gidanki gaisuwa ina falon. Maigidanki, tsohon likitan dabbobi da ban taɓa jin ya yi jimla uku a jere ba, ya saurari albishir ɗin allon har ƙarshe. Ya yi godiya. Sannan ya ce, “Ranku ya daɗe, shekara shida ina cin abinci da takardun aikin nan a kan tebur. Rahoton nan na san shi kamar ɗana. Ku karanta shi a majalisa, sannan ku zo mu yi maganar suna. In ba haka ba, ku bar mana sunanta, muna da inda za mu sa shi.” Babbar 'yarki ta ce, “Abba, ka bari su sha ruwa tukuna.” Ya ce, “Su sha, ban hana ba.”

Magatakarda ya fara bayanin ƙa'ida, sashe kaza, ƙaramin sashe kaza. Wanda ya katse shi shi ne wanda ban zata ba. Yallaɓai Al'ada, da tun shigowarsa kansa ke ƙasa, ya ce, “Malam Magatakarda, ka karanta sashen har ƙarshe. In shugaba ya rasu, mataimaki na sa hannu a madadinsa.” Ya juyo gare ni ya ce, “Edita, da kwafi a jakarka? Na san ba ka rabuwa da shi.” Akwai. Ya karɓa ya ɗora a gwiwa, ya buɗe shafi na tamanin da ɗaya inda na yi alama. Ya karanta shafuka goma sha ukun nan ɗaya bayan ɗaya, mutane na zaune suna jira, shayi na hucewa. Da ya kai ƙarshe Magatakarda ya nuna masa layinki. Ya girgiza kai ya ce, “A'a. Nan wurinta ne. Wata biyu na riƙe takardar nan, da ban riƙe ba da hannunta na nan.” Ya sa nasa a ƙasan layin, wannan karon babba, ya bar naki fari.

Ba zan yi miki ƙarya in ce an gama ba, kin san gidan naki. An sa rahoton a jerin abubuwan da majalisa za ta duba ranar Alhamis mai zuwa, kwana tara kafin sababbin ɗalibai su iso. Shi ne abu na goma sha bakwai, bayan batun wurin ajiye motocin manyan malamai. Na san yadda ake yi da abu na goma sha bakwai: a duba agogo, a ce lokaci ya ƙure. Shi ya sa nake rubuta wannan a inda kowa zai gani. Mambobin majalisa arba'in da shida ne, an kai wa kowa kwafinsa hannu da hannu, kuma malamar lissafin nan ta karɓi sa hannun kowa cewa ya karɓa. Wanda ya tashi kafin a kai abu na goma sha bakwai, za a rubuta minti nawa ya yi a waje. A wurinki muka koya.

Ya Allah, Ka gafarta wa baiwarKa. Ka yafe mata kurakuranta, har da sa hannun nan ɗaya da ta yi shekara talatin tana nadamarsa. Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi, Ka sa tsayuwar da ta yi wa 'ya'yan mutane ta tsaya mata ranar da babu mai tsaya wa wani. Ka sa Aljanna ce makomarta. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanta, da 'ya'yanta uku, da jikokinta, da ƙannenta, da ɗaliban da ta bi har gida ta dawo da su aji. Allah Ya ba ku haƙurin rashinta, Ya sa namu ƙarshen ya yi kyau.

Bugun ƙarshe na rahoton yana maɗaba'a, Farfesa. Na shigar da waƙafin da kika gyara. Mai tsara shafi ya tambaye ni ko a goge layin da babu komai a kansa, wai yana ɓata shafin ƙarshe. Na ce ya bar shi yadda yake.