Tabon Shayi a Kan Murhun Auta

Shekarar da za mu aurar da autarmu, yayanta da ke aiki a Duwala ya aiko da murhu cikin kwali, gudummawarsa ta kayan ɗaki. Da muka buɗe sai ga faifan gilashi baƙi wuluk, sumul, babu ko hudar da wuta za ta fito. Ya ce a waya sunansa plak, da lantarki yake aiki, kuma tukunyar ƙarfe kaɗai yake zafafawa. Na ce to. Na mayar da shi kwalinsa na tura ƙarƙashin gado, don a unguwarmu ta Garwa, ranar jere dangin ango ba kallo ke kawo su ba, bincike ne. Abu in ya nuna alamar an taɓa amfani da shi, sai a ce gwanjo aka saya wa yarinya, kuma maganar za ta bi ta har ranar sunan ɗanta na fari.

Na manta ina da Malam a gida.

Maigidana mutum ne da bai taɓa hura wuta ba, amma ba ya iya ganin sabon abu ya ƙyale. Ana saura 'yan kwanaki jere na tafi kasuwa sayen labule. Aka kawo wuta, ya jawo kwalin, ya ɗora butar shayinsa. Da ya ga ruwa na tafasa babu garwashi babu hayaƙi, sai ya fita neman shaida. Ya tarar abokansa na gardamar ƙwallo a gindin darbejiya, ya zauna raba su. Shayi ya yi ambaliya, ya ƙone, buta ta bushe ƙarau.

Na dawo na same shi tsugune gaban murhun kamar mai gaisuwar mutuwa. A tsakiyar gilashin ga wani tabo fari-fari, gefensa shuɗi da ruwan ƙasa, yana walƙiya irin na wuyan tattabara.

"Malam, me ya samu kayan yarinya?"

"Hajiya, ki dube shi da kyau," in ji shi. "Taswirar Kamaru ce. Ga Marwa can sama."

"Na ga Marwa. Surukai fa, su ma ƙasa za mu koya musu?"

Auta ta leƙo, ta gani, ta koma ɗaki ta rufe ƙofa a hankali. Wannan rufewar ta fi mini kuka ciwo.

Ni abin da na sani na wankin tukunya toka ne da yashi da soson waya. Har na ɗebo yashin, sai zuciyata ta ce in tambayi mai kaya. Na kira ɗan nawa a waya, ya ce, "Inna, don Allah ki zubar da yashin nan. In kika karce shi ya tafi ke nan. Ki cire shi daga wuta ya huce, ki nemi garin bikarbonat, irin na yin kek, da binegir fari."

Malam na jin haka ya miƙe. Faransancinsa na bakin kwastan ne, na shekarun da yake fataucin atamfa, amma yana ji da shi.

"Binegir? Raba kalmar biyu, Hajiya. Bin, giya ke nan. Egir, tsami. Giya mai tsami ɗanki yake so a shigo mini da ita gida. Duwala ta gama da yaron nan."

"To Malam, a yi yaya?"

"A sa kanwa."

Kanwa ban yarda da ita ba, tana da tsakuwa. Ya ce man goge baki. Muka shafa, murhu ya yi ƙamshin na'ana'a, Kamaru na nan daram. Ya kawo man zafi na ciwon baya, na karɓa na ajiye masa a aljihu.

Washegari na yi abin da na ga zai raba gardama. Ya hana a shigo da binegir, amma bai hana murhu fita ba. Na naɗe shi da zane, na ɗora a ka, na tsallaka gidan maƙwabciyata. Kirista ce, daga duwatsun bayan Mora, rikici ya koro su, tana sayar da salak da burodi a bakin titi. Malam ya biyo ni, wai kada a ƙara lalata kaya, ya tsaya daga zaure yana leƙe.

"Dada, wannan ai ƙaramin aiki ne," in ji ta. Ta ɗauko kwalba. Na karɓa na karanta da kaina, harafi-harafi, yadda aka koya mana a ajin yaƙi da jahilci. Na ga kalmar da ke nufin fari, ban ga ta giya ba.

Muka jiƙa tsumma mai laushi da binegir muka goge gilashin. Muka dama bikarbonat da ɗan ruwa ya yi kauri kamar kunun da ya kwana, muka shafe tabon, muka lulluɓe da tawul mai ɗumi. Muka zauna hira har ta gama yanka tumatir ɗinta. Sannan na soma murzawa a hankali, ina zagayawa, kamar mai shafa wa jariri mai. Da ta ɗiga binegir a kan sauran garin sai ya yi kumfa yana cuu.

"Kin ji ko?" in ji Malam daga zaure. "Tashi yake. Haka burkutu ke yi."

Maƙwabciya ta ɗago kai. "Baba Alhaji, salak ɗin da kake aikowa a saya maka da azumi, kana cewa a ƙara ruwan tsamin nan, me kake zato ne?"

Daga zaure muka ji Malam ya ce, "Lemun tsami ne."

"Wannan kwalbar ce. Matar liman ma a wurina take saye."

Muka ji takun takalminsa ya nufi masallaci, alhali azahar da saura.

Zagayen farko kudancin ƙasar ya tafi. Muka sake shafawa, muka sake jira, Adamawa ta bi. Arewa ce ta yi taurin kai, kamar kullum, sai a na uku ta saki. Muka goge da ruwa, muka bushe da tsohon ɗankwali. Na duba, sai fuskata na gani, da gumi.

Da yamma Malam ya dawo ya ce sun tattauna da liman, kuma dama shi tun farko bai ce haramun ba ne, cewa ya yi a bincika. Na ce haka ne, Malam. Auta ta fito ta shafa gilashin da tafin hannu, ta tambaye ni ko akwai sauran tuwo.

Ranar jere gwaggon ango ce ta ja tawaga, mace mai ɗaga katifa ta duba ƙasanta. Ta ƙwanƙwasa kwanuka, ta ja labule, ta iso kan murhu. Ni ina bakin ƙofa ina murza carbi. Ta sunkuya ta daɗe, ta karkata kai hagu, ta karkata dama. Sai na ga ta gyara ɗaurin ɗankwalinta a ciki, ta goge kwallin da ya zarce mata.

"Sabo ne fil, ba shakka," ta ce wa na bayanta. Sannan ta juyo gare ni. "Amma Hajiya, wa ya ce muku ana kwantar da talabijin rigingine? A jingina ta da bango mana."

Na ce a yi haƙuri, za a gyara. Na kama gefe ɗaya, ta kama ɗaya, muka jingina shi da bango.